An Ɗage Zama

Ba soja ne ya zo ba.
Da soja ne, da mun san irin tsayuwar da ake yi gabansa.
Yaro ne a kan babur, da ambulan mai ruwan ƙasa,
ya yi sallama, ya roƙi ruwa, muka ba shi,
ya ce, "Wa ka sa hannu nan?"
Na sa.

Naira miliyan ɗari uku, in ji takardar,
kuɗin wanke sunan mutum guda.
Na dubi ofishinmu na Rijiyar Ɗorowa:
tebur biyu, fanka mai tari,
kwamfutar da sai an lallashe ta take farkawa.
Ko an haɗa da mu an kora Kara ranar kasuwa,
dillali dariya zai yi.

Laifin?
Kulu ce ta bi motar albasa zuwa wani ƙauye a ƙetaren Rima.
An ce rijiyar burtsatse bakwai.
Ta ƙirga allo bakwai, fenti sabo,
ruwa ko na alwala babu.
Ta ɗauko hoton jaki ɗaure a jikin na huɗu.

Kotu ba ta ce mun yi ƙarya ba,
ba ta ce mun faɗi gaskiya ba,
ta ce a dawo ran sha huɗu ga wata.
Muka dawo: alƙali ya tafi taro.
Muka dawo: lauyansu na fama da mura.
Muka dawo: fayil ya yi ƙafa.
Damina biyu ke nan.
Barista Lamiɗo mutumin kirki ne,
amma motarsa ba ta shan godiya.

Masu talla kuwa, babu wanda ya ce ya janye.
Waya ce dai ta daina shiga.
Mai takin da ya riƙe shafin baya shekara shida
ya gan ni wajen ɗaurin aure a Mabera,
ya kama hannuna da hannu biyu:
"Malam Dikko, ka san halin gari."
Na sani.
Shafi sha shida ya koma takwas,
takwas ya koma huɗu,
jarida ta rame kamar saniyar bazara,
janareta ya tafi ya biya haya.

Da dare rediyo ke gaya mini
can ƙasashen da ruwa ke daskarewa a famfo,
da waɗanda teku ta yi wa zobe,
haka ake yi yanzu:
ba a yanke harshe,
sikeli ake ɗora shi, a ce biya.

Ga abin da ban gaya wa ko matata ba.
Jiya Kulu ta kawo labarin maganin asibiti
da ke kwana a shagunan bayan katanga.
Na ɗauki jan biro.
Na cire suna. Na cire adadi. Na cire unguwa.
Na zuba "wasu", na yayyafa "ana zargin".
Ba wanda ya sa ni.
Lauyansu ne ya tare a cikin kaina,
shi ba ya biyan haya.

Ta karanta a tsaye, jaka a kafaɗa,
albashin wata uku tana bin mu.
Ta ce, "Malam, mi yar rage?"
Fanka ce ta amsa.

Bayan isha na tsaya wurin Manu mai tsire.
Ya naɗe mini a tsohuwar takarda,
na buɗe a gida:
jakin nan ne, mai ya jiƙe shi har kunne,
yaji a kan allon,
yana nan ɗaure inda Kulu ta bar shi,
yana jiran ruwa.

Na koma ofis da fitilar waya.
Na mai da suna guda.
Guda kawai, kuma hannuna na rawa.

Gobe sha huɗu ga wata.
Na goge farar rigata.